Filin Harshe: Kalmar "Floral" da 'Yar'uwarta "Flowery"

A wannan fili namu na harshe mun saba ɗaukar kalma guda a kowane wata mu juya ta ciki da bai domin mu ga abin da ta ƙunsa. A wannan karo kalmar Ingilishi ce muka ɗauko, watau "floral", tare da 'yar'uwarta "flowery". Wataƙila wani zai ce, mu da muke zaune a Bangi, inda Faransanci da Sango suke riƙe da ofis da kasuwa, ina ruwanmu da Ingilishi har da za a ɓata mana shafi a kan sunan fure? To, abubuwa biyu ne suka faru a nan unguwarmu ta Kilomita Biyar suka sa muka ga ya wajaba mu yi wannan bayani.

Na farko ya shafi wani Alhaji mai sayar da yadi a kasuwa, wanda muka daɗe muna zama a bakin shagonsa bayan la'asar. Gabanin ƙaramar Sallah ya yi odar yadin maza na ɗinkin kaftani daga wurin wani dillali a Dubai. Dillalin ya aiko masa da tambaya ta waya, kalmomi uku kacal: "plain or floral?" Alhaji bai nuna wa kowa ba. Ya ɗauka sunayen daraja ne, na farkon shi ne na talakawa, na biyun kuwa shi ne mai lamba ɗaya, saboda haka ya zaɓi na biyu. Kaya suka sauka a Duwala, suka biyo hanyar Garwa-Bulai da Buwar, tafiyar fiye da kilomita 1,400, aka biya kuɗin mota aka biya na kwastan. Ranar da aka kwance dila sai ga yadi shafe da manyan furanni ja da ruwan hoda. Da muka zo ya ɗaga mana ƙyalle ɗaya ya ce, "Malam, dubi abin da Turanci ya yi mini. Wane magidanci ne zai sa wannan ya tafi Idi?" Daga baya mata suka saye kayan, amma sai bayan Sallah ta wuce, kuma a farashin da bai mayar da uwar kuɗi ba. Ashe abin da dillalin yake tambaya shi ne: marar zane kake so ko mai zanen furanni? Rashin sani, in ji Hausawa, kaza ta kwana a kan dami.

Na biyu kuwa wani tsohon ɗalibinmu ne, yaro mai ƙoƙari da ladabi, wanda ya ci jarrabawar bak har ya shiga jami'a. Kowa ya san tun daga shekarar 2014, lokacin da rundunar MINUSCA ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta zo ƙasar nan, ƙungiyoyin waje kuma suka yawaita, Ingilishi ya zama ɗaya daga cikin mabuɗan samun aiki. Wannan yaro ya rubuta takardar neman aiki zuwa wata ƙungiyar agaji mai zaman kanta. Kafin ya miƙa sai ya ba wani ma'aikaci mai jin Ingilishi ya duba masa, shi kuma ya rubuta kalmomi biyu a gefen takardar: "too flowery". Yaron nan ya zo mana da murna ya ce, "Malam, an ce wasiƙata ta yi kyau ƙwarai kamar fure." Muka karɓa muka karanta, muka ce, "Zauna ɗana, ba yabonka aka yi ba."

To, bari mu soma da ta farkon. "Floral" siffa ce, watau kalmar da ke bayyana suna. Ma'anarta ita ce abin da ya danganci fure, ko aka yi shi da furanni, ko yake ɗauke da zanensu ko ƙanshinsu. Ba ta yabo, ba ta kushe, ba ta kuma faɗar daraja ko tsada. In an ce "floral dress" ana nufin riga mai zanen furanni. In an ce "floral pattern" ana nufin zanen da aka yi shi da siffar furanni. "Floral scent" ƙanshi ne irin na fure, "floral arrangement" kuwa furanni ne da aka shirya don ƙawata ɗaki ko wurin biki. Akwai kuma "floral tribute", wadda ya kamata a yi hattara da ita, domin galibi furannin da Turawa suke kaiwa wurin jana'iza ko wurin tunawa da mamaci ake nufi. Kada wani ya ga kalmar ta yi masa daɗin faɗa ya rubuta ta a katin ɗaurin aure.

Ga 'yan makaranta, akwai wurare uku da muka lura suna yawan tuntuɓe. Na ɗaya, a Ingilishi siffa tana zuwa ne kafin suna, saɓanin Faransanci inda ake cewa "motif floral". Na biyu, siffar Ingilishi ba ta sauyawa domin jinsi ko jam'i. A Faransanci muna da floral da florale da floraux da florales, a Hausa muna da "mai" da "masu", amma a Ingilishi kalmar tana nan yadda take, ko riga ɗaya ce ko riguna ɗari. In kun ga "florals" da harafin s a takardar tallar kaya, to a nan ta tashi daga siffa ta koma suna, ma'anarta tufafi masu zanen furanni. Na uku shi ne furuci: Bature ɗan Ingila yana danna gaɓar farko ne, Bafaranshe kuwa yana jan ta ƙarshe.

Asalin kalmar daga Latin ne, harshen Rumawan da, inda ake kiran fure "flos". Rumawa suna da wata gunkiya mai suna Flora wadda suka jingina wa furanni da lokacin fitowarsu, har suna yi mata biki a ƙarshen watan Afrilu. Lokacin da "floral" ta shiga Ingilishi a ƙarni na 17, abin da ya shafi wannan gunkiya take nufi, sai a ƙarni na 18 ta koma nufin fure kawai. A yau ba wanda yake tuna gunkiya in ya faɗe ta. Daga wannan saiwa ne kuma aka sami sunaye da dama da muka sha ji: jihar Florida ta Amurka, wadda wani Basifaniye mai suna Juan Ponce de León ya raɗa wa suna a 1513, da watan Floréal na kalandar da masu juyin juya halin Faransa suka kafa a 1793, wanda yake kamawa daga wajen 20 ga Afrilu.

Akwai wani abu a nan da zai ba Bahaushe sha'awa. 'Yan'uwanmu na Nijeriya suna kiran garin alkama da ake yin burodi da shi "fulawa", suna kuma kiran furannin da ake dasawa a ƙofar gida "fulawa". Mun daɗe muna ɗaukar wannan a matsayin kuskuren kunne, domin "flour" da "flower" furucinsu ɗaya ne. Ashe kuwa a asali ma kalma ɗaya ce. Ta shiga Ingilishi ne daga tsohon Faransanci bayan da Normawa suka ci Ingila da yaƙi a 1066, kuma ana kiran gari mafi laushi da wannan suna ne domin shi ne furen gari, watau zaɓaɓɓensa. Har gobe Faransawa suna cewa "fleur de farine". Ƙamus ɗin Samuel Johnson na 1755 ma bai raba rubutunsu ba, daga baya ne aka ware wa kowace nata. Ke nan bakin Bahaushe ya sake haɗa abin da alƙalamin Bature ya raba. Sai dai a kula, haka nan "floury", mai gari, da "flowery", mai fure, kusan sautinsu ɗaya ne, rubutu ne ke bambanta su.

Mu komo kasuwa. Wurare biyu ne 'yan kasuwarmu za su fi cin karo da wannan kalma: yadi da turare. A wajen yadi, yawancin kayan da ake kawowa daga Dubai da ƙasar Sin da Indiya da Ingilishi ake rubuta bayaninsu. "Plain" shi ne marar zane, "striped" mai ratsi-ratsi, "checked" mai gida-gida, "floral" mai furanni. Wanda ya riƙe waɗannan huɗu ya tsare kansa daga irin abin da ya sami Alhaji. Masu sayar da atamfa kuwa sun riga sun san darajar zanen fure ko da ba su san sunansa na Ingilishi ba, domin cikin shahararrun zanukan atamfar Holan ta kamfanin Vlisco, wanda aka kafa a 1846, akwai wanda ake kira "Fleurs de mariage", watau furannin aure. A lura kuma, a Faransancin kasuwa an fi cewa "tissu à fleurs" ko "tissu fleuri", saboda haka in mai saye ya ce haka, kai kuma za ka rubuta wa dillali da Ingilishi, "floral" ita ce kalmar da kake nema.

A wajen turare, masu haɗa shi sun kasa ƙanshi gida-gida, kuma "floral" sunan gida ɗaya ne daga ciki, wanda ya ƙunshi ƙanshin wardi da yasmin da makamantansu. Wardin Ɗa'ifa da alhazanmu suke tsaraba da shi daga Saudiyya yana cikin wannan gida, haka ma furannin da ake nomawa a garin Grasse na kudancin Faransa, wanda ya yi suna a duniya wajen turare. Wani gidan kuma shi ne "woody", watau ƙanshin itace, irin na sandal da ud, wanda mazanmu suka fi so ranar Juma'a. Saboda haka in ka ga kalmar a jikin kwalba, ba sunan kamfani ba ne, ba kuma shaidar inganci ba ce. Ana gaya maka ne irin ƙanshin da za ka ji in ka buɗe.

To, yanzu sai "flowery", wadda ita ce ta fi santsi. In ana maganar riga ko labule ko ƙanshi, ana iya amfani da ita kamar yadda ake amfani da "floral", ba laifi. Amma da zarar an ɗora ta a kan magana ko rubutu, to ta zama kushe. "Flowery language" ita ce maganar da ado ya yi mata yawa har ya rufe abin da ake son faɗa. Ba a cewa "floral language" da wannan ma'ana. Akwai kuma ta uku, "florid", wadda ta fi waɗannan nauyi, ita ma ana faɗarta ga rubutun da aka cika wa ƙawa, ko ga fuskar Bature in ta yi jajawur. Ta huɗu ita ce "flowering", wadda ba ruwanta da ado, tana nufin tsiron da ke fitar da fure ko wanda yake cikin fitarwa.

Kuskuren ɗalibinmu biyu ne. Ya ɗauki "flowery" yabo ce domin ya ga fure a ciki, sannan ya ɗauki "too" daidai take da "très" ta Faransanci. Alhali "very" ita ce ƙwarai, "too" kuwa tana nufin ya yi yawa, ya wuce kima. Miya mai gishiri daban, miyar da gishiri ya yi wa yawa daban.

Da muka duba wasiƙar sai muka ga inda gizo yake saƙa. Yaron nan ya buɗe ta ne da irin gaisuwarmu ta Hausa, ya tambayi lafiyar shugaban ƙungiyar da ta iyalinsa da ta ma'aikatansa, ya yi masa fatan alheri. Sannan ya shiga yabon ƙungiyar, ya kira ta fitila a cikin duhu da inuwar marasa gata. Bai ambaci aikin da yake nema ba sai a sakin layi na huɗu. Daga ƙarshe ya ɗauko doguwar jimlar nan ta rufe wasiƙa da aka koya mana duka a Faransanci, mai farawa da "Veuillez agréer", ya juya ta zuwa Ingilishi kalma bayan kalma. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan daidai ne a gidansu. Wasiƙar Hausa da ba gaisuwa rashin tarbiyya ce, wasiƙar ofis ta Faransanci da ba wannan rufewa ba ta cika ba. Amma mai karanta wasiƙar aiki ta Ingilishi yana so ne ya ga a layin farko ko kai wane ne da abin da kake nema, a layukan da ke biye abin da ka iya da inda ka yi aiki, sannan ka rufe da kalmomi biyu, "Yours faithfully" in ba ka ambaci sunansa a farko ba, ko "Yours sincerely" in ka ambata. Muka zauna da shi muka sassabe wasiƙar, shafi biyu suka koma rabin shafi. Da ya karanta sai ya ce, "Malam, ai wannan kamar ina yi masa rashin kunya ne." Muka ce, "A'a, girmama lokacinsa ka yi, kuma a wurinsu wannan shi ne ladabi."

Kada fa a fahimce mu ba daidai ba. Ba muna cewa adon magana aibi ba ne. Harshen da ya mallaki karin magana da kirari da habaici da salon magana ba zai ji kunyar ado ba, kuma wanda ya taɓa jin dattijo yana neman aure wa ɗansa ya san akwai wurin da in ka tafi kai tsaye ka ɓata lamari. Abin da muke cewa shi ne kowane wuri da irin rigarsa: babbar riga mai aska takwas ta Idi ce, ba a shiga gona da ita. Hasali ma Bahaushe ya riga Bature sanin wannan cuta, domin yana da sunaye da yawa da yake kiranta da su. In magana ta yi tsawo ba a kai ga gaɓa ba, ya ce dogon Turanci ne. In ta yi daɗi ba komai a ciki, ya ce romon baka ne. In an ƙawata ta fiye da gaskiyarta, ya ce an ƙara gishiri. Inda Bature ya ga fure, Bahaushe romo da gishiri ya gani. Saboda haka mai fassara da ya ci karo da "flowery speech" kada ya ce magana mai fure, ba wanda zai gane shi. Ya zaɓi ɗaya daga cikin waɗancan gwargwadon abin da ake nufi.

Wannan ya kawo mu ga yadda za a faɗi "floral" da Hausa. Harshenmu ba ya ƙera siffa daga suna ta hanyar liƙa mata wutsiya kamar yadda Latin take yi, yana amfani ne da "mai" da "masu" da "na" da "ta". Don haka ba kalma ɗaya ba ce za ta ɗauke ta a ko'ina: a yadi sai mu ce mai zanen furanni, a turare mu ce mai ƙanshin fure, a ilimin tsirrai mu ce na fure. Wannan ba talauci ba ne, domin ta wani fannin mun fi su rarrabewa. In itacen mangwaro ya fitar da nasa da rani, kamar yadda muke gani a titunan Bangi, cewa muke ya yi huda. In gero ne a gona, manomi zai ce ya yi bununi. Kanumfarin da muke sa wa a shayi da kunu ƙullin fure ne da aka tsinke kafin ya buɗe aka shanya. Zoɓon da muke sha, wanda maƙwabtanmu a nan suke kira karakanji, daga jan kwanson da ke riƙe da furen yakuwa ake samunsa. Ashe muna ci muna sha daga fure kullum ba mu lura ba.

Abin da ya dame mu shi ne, ranar da muka tambayi yaran Hausawan da ke ajinmu yadda ake cewa "fleur" da Hausa, kaɗan ne suka ce fure, ba kuma ko ɗaya da ya taɓa jin huda ko bununi. Alhali tun a 1916 wani likita Bature mai suna J. M. Dalziel, wanda ya yi aiki a Arewacin Nijeriya, ya wallafa littafi sukutum na sunayen tsirrai da Hausa, wanda ya tattara daga bakin kakanninmu. Yaron da bai san sunan abu a harshen uwarsa ba, da wuya ya riƙe shi da kyau a harshe na uku ko na huɗu, domin ba shi da turken da zai ɗaure sabuwar kalmar a kai. Mu da muke tsiraru a ƙasar nan, in ba mu faɗa wa 'ya'yanmu waɗannan kalmomi a gida ba, ba makarantar da za ta faɗa musu.

Saboda haka ga 'yar shawararmu. Ɗan kasuwa, in dillali ya aiko maka da kalmar da ba ka sani ba, kada ka amsa sai ka nuna wa wanda ya sani, ko ka ce ya aiko da hoton kayan, domin matambayi ba ya ɓata. Ɗalibi, in za ka rubuta wasiƙar aiki da Ingilishi, ka bar furanni a jikin atamfa. Iyaye kuma muna roƙonku aikin gida guda ɗaya: kowa ya tambayi tsohon da ke kusa da shi sunayen furanni da hudar itatuwa da ya sani da Hausa, ya rubuto mana ta hannun editan wannan shafi, mu kuma za mu jera su a nan domin amfanin yaranmu.

Alhaji dai yanzu ya rubuta kalmomin nan huɗu a kwali ya liƙa a bangon shagonsa, ɗalibinmu kuma ya miƙa gajeruwar wasiƙarsa yana jiran amsa. Allah ya ba shi sa'a, ya mayar wa Alhaji da abin da ya rasa, mu kuma ya ƙara mana ilimi mai amfani, amin.